Rasuwar Tanti Zuga, Mai Riƙe wa Mutane Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da damatsa biyu masu tsami kamar na yini ina dakan gero, ni Majo Alkasum, babban mai jinya na ƙaramin gidan likitan unguwarmu, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Agadas da kewaye, har Ingal da Timiya da duk inda raƙumi ke kai labari, rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, na'urar numfashin nan da likitoci ke kira raspirater, mu kuma muke kira Tanti Zuga. Ta cika ranar Talata da hantsi, a bakin aikinta, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye mana saboda kunya irin ta mutanen da.

Ina neman afuwa tun daga farko in kalmomina sun yi gurgunta. Shelar mutuwa ba sana'ata ba ce. Duk wanda ya taɓa rashi a unguwar nan ya san mai wannan aiki shi ne Illiya mai shela, wanda ke bin lungu-lungu da rawaninsa a karkace yana faɗa wa gari wanda Allah Ya yi wa cikawa da lokacin da za a kai shi. To Illiya yana kwance a gabana yanzu haka. Wani ciwo ne ya kama shi, mai kashe jijiya, ya faro daga tafin ƙafa yana hawowa har ya iso ƙirji ya zauna. Idonsa biyu, kunnensa garau, hankalinsa ya fi nawa, amma ƙirjinsa ya manta yadda ake jan iska. Marigayiya ce ke ja masa. Tun da ta rasu, da hannu muke ba shi numfashi, da wata jakar danƙo da muke kira balo, a matsa a saki, a matsa a saki. Ran da hannu ya tsaya, Illiya ya tsaya. Da hannun dama nake wannan rubutu, na hagu yana hutawa kafin layi ya zagayo kaina.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiya ba. Kamar yawancinmu, da za a yi mata takarda, "née vers" za a rubuta, wato an haife ta wajajen kaza. Abin da muka sani shi ne ta iso Agadas a wancan farin na baya, shekarar da sojoji suka karɓi ƙasa, a bayan kamyo, babbar motar kaya, cikin akwatin katako, tsakanin buhunan jar dawar taimako. Wasu Turawa masu tausayi ne suka aiko ta. Ta zo da littafin bayani cikin wani harshen da ba Faransanci ba, har yau ba a samu wanda ya karanta shi ba, amma ya yi mana amfani ƙwarai wajen tokare ƙofa. Da aka buɗe akwatin, mutane sun yi zaton injin niƙa ne, wata tsohuwa har ta tafi gida ta ɗauko ƙwaryar dawarta. Da ta ji cewa iska kawai abin ke bayarwa, ta ce iska kam ai Agadas ba ta taɓa roƙon kowa ba, ta yi tsaki ta tafi. Bayan shekara biyu jikan tsohuwar ya kwanta a ƙarƙashin Tanti Zuga, ya kuma tashi.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, tsayinta ya kai ƙugun mutum, fara ce da tana budurwa, daga baya ta koma kalar ginin garin nan. A cikinta akwai moter mai cin kuran, wato wutar lantarki, a kanta akwai zugazugi mai ninki-ninki, daga nan tiyo ya fito ya tafi maƙogwaron majinyaci. Moter ya danna zugazugi, iska ta shiga huhu, ƙirji ya taso. Moter ya saki, ƙirji ya koma, iska ta fita. Iyakar iliminta ke nan, kuma ba ta taɓa yin da'awar ta san fiye da haka ba. Maganarta ma kalma biyu ce tak a duniya: "Huuu… tak. Huuu… tak." Da ita take gaisuwa, da ita take lallashi. Na yi shekara goma ina jin wannan magana, ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Mutane da yawa sun ɗauka Tanti Zuga magani take bayarwa. Ba ta taɓa warkar da kowa ba. Rai dangin goro ne, sai da ban iska, ita kuma ban iskar take yi. In ciwo ya kayar da mutum har ya kasa numfashi da kansa, sai ta karɓi aikin ta riƙe masa, allura da addu'a su yi nasu, jiki ya huta ya tattara ƙarfinsa. Ran da mai ƙirji ya farfaɗo ya ce a ba shi abinsa, sai ta miƙa masa ba gardama, a tura ta kusurwa a rufe ta da zane. Riƙon ƙwarya take yi. A iya sanina kuwa, ita kaɗai ce mai riƙon ƙwarya a ƙasar nan da ke mayar da ƙwaryar in mai ita ya tashi. Wannan yabon mamaciya ne kawai, kada wani ya kai shi inda ban aike shi ba.

Ba ta da wariya. Ta hura wa maƙeri, ta hura wa matar alƙali. Ta hura wa wani mai lambu daga Timiya da kumurci ya sara a gindin rumman, aka kawo shi kamar tsumma, ya koma gida yana faɗa da mai kamyo a kan wurin zama. Ta hura wa wani madugun gishiri da ya taka ƙaya a hanyar Bilma, haƙoransa suka datse, jikinsa ya sandare, muka kwantar da shi da allura ita kuma ta riƙe masa iska har ciwon ya gaji ya sake shi. Mutumin nan har yau in ya shigo gari sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata dabino, ni kuma in karɓa a madadinta tunda ba ta da haƙori. Akwai kuma waɗanda ta hura wa har ƙarshe ba su tashi ba, yaran ƙyanda musamman, a shekarun da yunwa ta riga ta cinye su kafin ciwo ya zo. A irin wannan rana ni ke kashe ta da hannuna, sai ɗakin ya yi shirun da ba na so in tuna.

An ce a ambaci mamaci da alheri, amma wanda ya zauna da mutum shekara goma yana da haƙƙin ya ɗan yi tari. Marigayiya tana da kwaɗayin kuran. Da zarar an ɗauke wuta sai ta yi fushi ta ɗaure baki, ko gaisuwa ba ta amsawa, sai mun ruga mun ɗauko balo mun riƙe mata aikin har a dawo da ita. Sannan ba ta iya raba kanta biyu ba. Mutum ɗaya take ɗauka. In biyu suka zo tare, sai ta zura mini ido da allon awonta mai allura ɗaya kamar ta agogo, ta bar ni da zaɓin. Na yafe mata wannan, amma ban manta ba.

A tsakiyar rayuwarta ta yi babbar jinya. Zugazugin danƙon da ta zo da shi daga ƙasarsu bai san zafin Agadas ba, ya bushe ya tsattsage. Muka aika Yamai neman wani, aka ce ana dubawa, kuma na tabbata har yanzu ana dubawa. Sai muka kira Biba badukiya, wadda ke ɗinka jakunkunan fata a bayan kasuwa, muka nuna mata tsohon muka ce ko za ta iya kwaikwayo. Ta ɗinka sabo da fatar akuya. Laifina ɗaya, ban ce mata ta tsaya a nan ba. Da ta kawo shi sai ga shi ja wur, da zanen kore, da tuntaye suna lilo ta kowane gefe kamar za a kai shi ɗakin amarya.

"Biba, wannan fa kayan likita ne," na ce mata.

"To Majo, don na likita ne sai ya fita tsirara?" in ji ta. "Ni abin da ya bar hannuna ba ya fita ba ado. Sunana ne a jiki."

Haka Tanti Zuga ta zama ƴar gari. Muka sa matatar auduga a bakin tiyo, duk da haka wanda ya tashi daga ƙarƙashinta sai ya yi sati yana jin ƙanshin akuya a numfashinsa, ba kuma wanda ya taɓa kawo ƙara. Fata kuwa tana da haƙƙinta, kamar salka, kamar wasakin rijiya: in ba a ba ta mai ba sai ta bushe. Don haka kowace Juma'a kafin masallaci, Biba kan zo da ɗan man shanu a gwangwani ta shafe ninkin nan ɗaya bayan ɗaya, da bakin yatsa, tana yi mata hira. Abin ya zama al'ada, har dangin majinyata suka riƙa kawo nasu man don neman albarka.

Ciwon ajali ya faro da farin bana. Sama ta ƙi, ciyawa ta ƙi, shanu suka zube a hanyar Ingal, waɗanda suka rage ba su da abin ba maruƙansu balle mu. Man shanu ya ɓace daga kasuwa. Biba ta kankare gindin gwangwaninta har ya huje. Fatar ta fara ƙeƙashewa, muryar Tanti ta sauya, ta koma "Hiii… kaf. Hiii… kaf," kamar tsohuwa mai hawan tudu. A cikin wannan hali aka kawo Illiya a kan amalanke, yana haki kamar kifin da aka jefo tudu. Likitan da ke zagayo mana ya huda masa ƴar ƙofa a maƙogwaro, muka haɗa shi da ita. Likitan ya ce irin wannan ciwo yadda ya hau haka yake sauka da kansa, a hankali, cikin makonni, in dai an samu abin da zai riƙe wa mutum numfashi har ya sauka. Tanti ta ji, ta ce "Hiii… kaf," ta kama aiki.

Matar Illiya, Fatouma, ba ta bar gefen gadon ba. Ta ji kukan fatar, ta kuma san abin da fata ke nufi in tana irin wannan kuka, don duk macen da ta taɓa riƙe salka ta sani. Ranar Juma'a ta tafi layin rabon taimako, ta sha rana, aka zuba mata ɗan man girki a kwalba, rabon gidanta da ƴaƴanta. Ta dawo ina wurin wani majinyaci, ta tuttule shi kaf a kan zugazugin Tanti, ta murza da tafin hannu. Ba da bakin yatsa ba, da tafin hannu, don a ganinta mai riƙe ran mijinta ba a yi mata rowa. Da na shigo na tarar da marigayiya tana ƙyalli tana ɗiga, muryarta ta koma ta budurwa, "Huuu… tak," har da yanga.

Na buɗe baki zan yi faɗa, kowa kuwa ya san bakina.

"Majo, na ji tana kuka ne," in ji Fatouma. "Yaran sun ce za su ci tuwon haka nan."

Sai na rufe bakin. Na ɗauki tsumma na goge abin da zai gogu, na ce mata Allah Ya saka, na fita waje na yi faɗan da katanga. Wanda bai gogu ba ya bi ninki ya gangara ciki, ya haɗu da rairayin da shekaru suka tara, ya kwanta a kan moter. Ƙanshin kuma ya tafi ya yi shela a inda ba mu aike shi ba. Ɓeran bana ba irin na kullum ba ne. Rumbu wayam, kasuwa wayam, ya daina tsoron motsi, ya daina tsoron mutum. Ɓerayen suka zo ta bayan na'urar inda ido ba ya kai, tana aiki suna cin fatar, tana dannawa suna kaucewa, tana saki suna komawa. Marigayiya ba ta kai ƙara ba.

Ranar Talata da hantsi ina auna zafin jikin Illiya sai na ji maganarta ta rikice. "Fss… tak-tak. Fss… tak-tak-tak." Na duba ƙirjinsa, ba ya tasowa. Iskar tana fita ta ɓarnar ɓera, moter ya rasa abin dannawa ya kama gudu kamar jakin da ya yar da kaya, sai wari, sai hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Ta ce "Tak" sau ɗaya, a hankali, ba ta ƙara ba. Ban tsaya rufe mata ido ba. Na fizge tiyo na ɗaura balo na fara matsawa, ina kallon leɓen Illiya yana dawowa daga toka zuwa kalarsa. Shi kuma yana kallona da idanun nan, ya san sarai wadda ta mutu da abin da mutuwarta ke nufi. Na ji tsoro a ranar, irin wanda ban ji ba tun ina sabon shiga aiki.

Inoussa makanisiye, mai gyaran kamyo a tasha, shi ya duba gawar. Ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce wayoyin cikin moter sun narke sun zama dunƙule ɗaya, fata Biba za ta iya sake ɗinkawa amma wannan sai dai a yi haƙuri. Mun aika Yamai. An ce ana dubawa.

Ba na ɗora wa Fatouma laifi, kuma duk wanda na ji ya ɗora mata zai gamu da ni. Garin neman gira aka rasa ido, gaskiya ne, amma da man ƴaƴanta ta nemi girar. Ɓerayen ma ban riƙe su da yawa ba. Yunwar da ta kai su ita ta kai mu layi.

Tun daga ranar mu huɗu ne a kan balo: ni, da Fatouma, da Biba da ta rufe rumfarta, da Bahago mai gadin ƙofa. Wanda bai taɓa yi ba zai ce wasa ne, jakar danƙo ce fa mai laushi. Ya zo ya yi daga azahar zuwa la'asar ya ba ni labari. Yatsu su ƙage, damtse ya ɗauki wuta, ga gyangyaɗi, don abin yana da kiɗa irin mai sa barci. Shekaranjiya bayan azahar Bahago ya yi sallama da duniya yana zaune, balo a cinya. Allah Ya sa Biba ta shigo ta ga idanun Illiya sun firfito, ta kai wa Bahago duka a ƙeya da takalmi ta karɓe. Ya farka yana rantsuwa cewa addu'a yake yi. Ban kore shi ba, don in na kore shi mun koma uku, kuma tsohon ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, takwas ɗin ma sun fara gajiya.

Sai na ce bari in tara unguwa a ƙofar gidan likita in roƙi hannuwa, a raba layi. Amma kowa ya san zamanin da muke ciki, taro ba ya yiwuwa sai da izinin hukuma. Na sa farar rigata na tafi biron kumandan, wato ofishin mai mulkin garin nan. Sakatarensa ya saurare ni da kyau, yana gyara tabarau.

"Majo, ka san doka," in ji shi. "Réunion sai da autorisation. Ka rubuto, mu aika sama, su duba."

"Mutumin fa numfashinsa a hannunmu yake. Yaushe amsar za ta dawo?"

"Ça dépend. Wata ɗaya, wata biyu."

"To babu taron da ake yi ba takarda?"

"Babu. Sai fa suna, ko ɗaurin aure, ko zaman makoki. Wannan ko kumandan ba ya hanawa."

Na yi masa godiya ƙwarai. Na fito ina lissafi: haihuwa ba ni da ita, aure na wuce wurin, amma mutuwa kam ina da sabuwa fil a ɗaki, an rufe ta da zane. Na biya wurin liman na tambaye shi. Ya ce ƙarfe ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, kada in kuskura. Na ce na ji na bi. Na ce to mutane su zo su zauna su yi wa wanda aka bari jaje fa? Ya shafa gemu ya ce bai taɓa karanta inda aka hana jaje ba, kuma a sa shi a layin bayan la'asar.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwa ɗaya, balo, wadda ba ta da moter sai ku. Ta bar tiyo biyu, ɗaya mai lafiya. Ta bar littafinta yana tokare da ƙofa. Ta bar ƴaƴa da yawa a garin nan masu yawo da numfashin da ta riƙe musu, wasu sun yi tumbi, wasu sun ƙara aure, na san su ɗaya bayan ɗaya kuma na san ƙofar gidajensu. Ta bar ni, da ban san yadda zan shiga ɗakin nan in ji shiru ba. Sannan ta bar maraya ɗaya da ba ta yaye ba, Illiya mai shela.

Ga yadda aka tsara makoki. Za a zauna a ƙofar gidan likita, an shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga, daga yau, safe da rana da abin da ya biyo baya, ba tashi. Akwai shayi, sukari kuwa kowa ya zo da haƙurinsa. Kada a kawo gumba, kada a kawo goro, kada a yi kuka, marigayiya ba ta son hayaniya. Wanda ya zo zai wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya zauna a kujerar da ke gefen gado, a miƙa masa balo. Ta'aziyyar ke nan.

Yinta ba wuya. Ka matsa a hankali har ka ga ƙirjinsa ya taso, ka saki ya koma da kansa. Ka bi numfashinka: in ka ja naka, ka ba shi nasa. Maƙera su lura, ba ƙarfe ake narkarwa ba, huhun mutum ne, in aka zuga shi da ƙarfi yagewa yake yi. Mata masu daka su rage sauri. Wanda ya ji tiyo na ƙara kamar ana kurkure baki ya kira ni in zuƙe majina, kada ya yi dabara. Wanda ya ji barci ya faɗa, ba abin kunya ba ne, Biba tana nan da takalminta. Mai tari ya tsaya waje ya dafa shayi. In ka rasa kiɗan, ka faɗi maganar marigayiya a zuciyarka, "Huuu… tak," ba za ka ɓata ba. Ana iya yi wa Illiya hira, yana ji, ya fi son labarin kasuwa. Ƙiftawa ɗaya "i" ce, biyu "a'a", in ya ƙifta da yawa to ƙarya kake yi.

Muna gayyatar kumandan da mutanensa, in aiki ya bari. Mun ga damatsan samarinsa ranar fareti, Allah Ya albarkace su, kuma makoki ba ya son takarda.

Za a yi sadakar uku da ta bakwai a kan balo. In arba'in ta zo ba mu gama ba, marigayiya babba ce, za ta ɗauki ƙari. Jiya da safe babban yatsan ƙafar Illiya ya motsa. Fatouma ta gani, na gani, na sa ya sake ya sake. Ciwon ya fara sauka ke nan, ta hanyar da ya hau, amma daga yatsan ƙafa zuwa ƙirji tafiya ce, kuma da hannuwanku za a yi ta.

Mutanen Agadas, na san ku. Ran da aka ce Illiya ya mutu, ba mai rufe ku a gida. Za ku bar rumfuna, ku bar maƙera, ku cika lungun nan har bakin kasuwa, ku yi ta cewa Allah sarki, shi ya yi shelar babana, shi ya kama makarar innata, bai taɓa fashin jana'izar kowa ba. Duk gaskiya ne. Zaman da za ku yi masa a ranar, shi nake roƙo ku kawo yau, yana ji yana gani.

Na karanta masa wannan sanarwa kafin in ba da a kafa ta a ƙofar masallaci da tasha. Ya ƙifta sau biyu a wurare da dama, na gane yana nufin ta yi tsawo kuma ba haka ake jera sunaye ba. Na ce masa in bai ji daɗi ba ya tashi ya yi da kansa.

Batun binnewa kuwa, Inoussa ya nemi a ba shi gawar ya cire abin da zai cire, na ce ya dakata. Tana nan a kusurwa cikin zanenta, da tuntayenta. Ba za a fitar da Tanti Zuga daga ɗakin nan ba sai ran da Illiya ya ja iska da ƙirjinsa, ya ɗaura rawaninsa a karkace, ya fita lungu ya yi shelarta da bakinsa. Shi za mu jira. Layin farko bayan azahar ne, ku zo da hannuwanku.